Ƙugi ya addabi sifikuna, an ce in karya ƙafar fulogi

Ɗan Kurna:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ku taimaka mini, abin nan ya hana ni sakat. Sati uku ke nan da na tashi daga tsohon shagona na koma wani ɗaki mai ɗan faɗi a nan Kano. Kayan aikin su ne dai, ban sauya ko ɗaya ba: kwamfutar tebur, sawunkad (akwatin da ke shigar da sauti cikin kwamfuta ya kuma fitar da shi), sifikun monita guda biyu masu amfilifaya a cikinsu, fiyano da makirufo. A tsohon wurin ko da tsakar dare na kunna, shiru kake ji. A nan kuwa ina kunnawa sai wani ƙugi ya taso, huuum, ƙasa-ƙasa, kamar an bar tirela a kunne a bayan gida. Ban da shi akwai wani siririn kuka irin na sauro, shi kuma in na motsa linzamin kwamfuta sai ya sauya murya.

Jiya wani malami ya zo ɗaukar karatu. Da na mayar masa ya saurara, sai ya ɗaga hannu ya ce, "Wannan ƙarar ta mene ce?" Wallahi na rasa amsar da zan ba shi. Wani abokina ya ce in karya doguwar ƙafar nan ta fulogin sifikun, wai shi haka ya yi. Kafin in taɓa komai na ce bari in ji daga bakinku.

Sarkin Miksin:
Wa alaikumus salam. Abokinka ya gaya maka gaskiya, girawun luf ne, wato wayoyin ƙasa na kayanka ne suka zagayo suka haɗe kamar zobe. Karya ƙafar, ko ka sa adafta mai baki biyu, minti ɗaya ka huta. Shekara huɗu nawa suke a haka.

Baba Injiniya:
Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗana, kada ka karya. Na roƙe ka, kada ka karya. Sarkin Miksin, kai ma zan dawo kanka.

Kafin a ba mara lafiya magani sai an san inda ke masa ciwo. Yi mini abu uku ka dawo. Ka zare wayar sauti daga bayan sifikun gaba ɗaya, ka bar su a kunne da wutarsu kawai, ka saurara. Sannan ka mayar da wayar, ka murɗe maƙunnin ƙara na sawunkad har ƙasa, ka ji ko ƙugin ya ragu ko yana nan yadda yake. Na ƙarshe, ka kashe sifikun, ka sa abin kunne a sawunkad, ka saurari karatun malamin nan. Ka kuma faɗa mini inda kowane kaya yake shan wuta.

Ɗan Kurna:
Na gode Baba. Na gwada yanzu. Da na zare wayar, shiru, sai ɗan shuuu kaɗan in na kanga kunne a jiki. Da na mayar, ƙugin ya dawo, kuma murɗa maƙunnin bai rage shi ba bai ƙara shi ba. Karatun malam kuma a abin kunne tas yake! Alhamdulillahi, ashe bai shiga cikin ɗaukar ba. Amma na buɗe wani kiɗa da na ɗauka da fiyano shekaranjiya, kukan sauron yana ciki.

Batun wuta kuwa, kwamfuta da fiyano suna soket ɗin inbata, saboda kada wuta ta ɗauke mini ana tsakiyar aiki. Sifikun suna soket ɗin ɗaya bangon, na wutar Nepa, don na ga za su riƙa cinye mini batir.

Baba Injiniya:
Madalla. To ai ka kusa gano abinka da kanka. Cuta biyu gare ka, ba ɗaya ba, kuma sifikunka lafiyarsu ƙalau. Bari mu fara da ƙugin.

Tunda maƙunnin ƙara bai taɓa shi ba, ƙugin bayan maƙunnin yake shiga, wato a wayar da ke tsakanin sawunkad da sifika. Ga yadda abin yake faruwa. Kwamfutarka tana da wayar ƙasa, wadda ke haɗe da doguwar ƙafar fulogi, da ta bi ta soket ɗin inbata. Sifikunka suna da tasu da ta bi ta ɗaya bangon. Mu a ranmu muna ɗauka ƙasa ƙasa ce, duk sifili ce. A aikace ba haka ba ne. Kowace waya tana da 'yar turjiya, kuma kowane firji da fanka da caja a ginin nan yana zubo 'yar wuta kaɗan a cikinta. Saboda haka tsakanin ƙasar wannan bango da ta wancan za a sami ɗan bambanci, wani lokaci bai kai bolt ɗaya ba. Sai kai kuma ka zo ka haɗa su da wayar sauti. Ragar nan da ke naɗe a cikin wayar, wadda aka yi don ta kare sauti, ita ta zama gada. Hanya ta zagayo ta haɗe kamar zobe, wuta ta sami wurin gudu.

In wayarka irin ta jak mai zobe ɗaya ce, wadda ake kira TS, to ragar ita ce kuma hanyar da sauti ke komawa. Sifika ba ta da yadda za ta bambance muryar malam da wutar da ke bin ragar, duk sai ta ƙara musu ƙarfi tare. Sautin da ke fita daga sawunkad bai fi bolt ɗaya da ɗan wani abu ba. Kashi ɗaya cikin dubu na bolt ya isa ka ji shi a ɗakin da aka lulluɓe da soso.

Wutarmu tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, shi ne 50 Hz. In kana so ka tabbatar, je ka fiyanonka ka danna G na can ƙasa, G1, wanda yake 49 Hz. Za ka ji sun kusa zama murya ɗaya, suna ɗan kaɗa juna.

Ɗan Kurna:
Allahu Akbar. Baba na danna, wallahi kusan ɗaya ne. Na kuma duba jak ɗin, baƙin zobe ɗaya ne a jikinsa. Ni duk tsawon lokacin nan na ɗauka jak jak ne.

Sarkin Miksin:
Baba, da girmanka, duk bayanin nan naka ai shi ne dalilin da ya sa na ce ya karya. In zobe ne, ka yanke shi a wuri ɗaya magana ta ƙare. Kuma mu faɗa wa juna gaskiya, gidaje nawa ne a garin nan suke da wayar ƙasa ta ƙwarai? Rabin soket ɗin da muke amfani da su ramin saman nan ado ne kawai. Me ya rage a ƙafar da za a ce kada a karya?

Baba Injiniya:
Ɗana, ban ce dabararka ba ta kashe ƙugi ba. Tana kashewa, shi ya sa take da haɗari, don mutum zai ga kamar ya yi gyara. Amma ka tambayi kanka me ya sa aka yi ƙafar nan ta fi sauran biyun tsawo. An yi ta ne don ta riga su shiga, ta kuma zama ta ƙarshen fita. Ran da wata waya mai wuta ta kwance a cikin sifika ta taɓa ƙarfen jikinta, ta wannan ƙafar wutar za ta gudu da ƙarfi har fis ya ƙone ko birekar ta faɗi. In ka karya ta, bolt 230 yana nan zaune a jikin ƙarfe yana jira. Kuma ba a sifikar zai tsaya ba. Zai bi ragar wayar sauti ya shiga sawunkad, daga nan ya bi wayar makirufo har zuwa kan ƙarfen da mawaƙi yake kai wa leɓensa. Ragar wayar sauti siririya ce, tana iya ƙonewa kafin fis ya ji komai.

Wannan ba tatsuniya ba ce. A 1972 wani makaɗin jita ɗan Sikotilan, Leslie Harvey, ya mutu a kan dandamali a garin Swansea a gaban 'yan kallo, saboda ya taɓa makirufon da ba a haɗa shi da ƙasa yadda ya kamata ba. Shekararsa 27.

Shekara huɗun da ka yi lafiya, Allah ne ya tsare, kayanka ba su lalace ta ciki ba tukuna. Zoben nan ana yanke shi, amma ta ɓangaren sauti ake yankewa, ba ta ɓangaren wuta ba. Kuma kai ba kai kaɗai kake shiga ɗakinka ba, 'ya'yan mutane kake tsayarwa a gaban makirufo.

Mai Wayarin:
Ni aikina ke nan, wayarin ɗin gidaje da haɗa sola, kuma ina bayan Baba. Sarkin Miksin ya yi gaskiya a abu ɗaya, gidaje da yawa ba a ja musu wayar ƙasa ba, wasu kuma an ja an bar ta a lilo a cikin akwati. Amma maganin wannan a ja ta ne, ba a ƙara cire wadda ta rage ba.

Ɗan Kurna, tambaya: wanda ya haɗa maka inbata, ya kafa wani ƙarfe a ƙasa?

Ɗan Kurna:
Ƙwarai kuwa Oga. Ya haƙa rami a bayan taga, ya kafa sandar jan ƙarfe, ya zuba gawayi da gishiri. Ya ce wannan tawa ce ni kaɗai, ba ruwanta da ta ginin.

Mai Wayarin:
To ga ta nan. Sanda biyu, ba a haɗa su ba. Ta ginin tana can, taka tana nan, abin da ya haɗa su kaɗai shi ne wayar sifikarka. Ai dole ta yi kuka. Mutane suna son su ji an ce "ƙasa mai tsabta ta situdiyo kaɗai", amma sandar da aka ware ba ta ƙara tsabta, bambanci take ƙarawa. Kuma in tsawa ta faɗi kusa, bambancin da ke tsakanin sandunan biyu ba ƙarami ba ne, ta cikin kayanka zai bi. Ka kira mai gyaran wuta ya ɗaure su da waya mai kauri su zama abu ɗaya. In da hali ya sa maka birekar nan ta RCD mai 30 mA a layin ɗakin, ita ce take yanke wuta in ta fara bin jikin mutum.

Uwar Shiri:
Sannunku da ƙoƙari. Ni shirye-shiryen murya nake ɗauka a gida, ban san wayarin ba. Abin da nake yi in na ji ƙugi, sai in yanke duk abin da ke ƙasa da 80 Hz a EQ, matatar sautin nan ta manhaja, kuma yana tafiya. Wannan bai isa ba?

Baƙon Jidda:
Hajiya, yana rage shi, amma ba duka ba. Ƙugin yana da 'ya'ya a 100, 150, 250 har sama, kuma su suna zaune ne daidai inda kaurin muryar namiji yake. In kika bi su da yanka ɗaya bayan ɗaya sai murya ta koma kamar ta cikin gwangwani. Sannan a lura, mu nan Saudiyya wutarmu 60 Hz ce kamar ta Amurka, ba 50 ba. Na taɓa turo wa wani ɗan uwa ɗauka gida ya gyara, ya yi ta yanka 50 yana mamakin abin da ya hana ƙugin tafiya. Haka in da ƙaramin janareta aka yi aiki, juyinsa ba ya tsayawa wuri ɗaya, in aka kunna abu mai nauyi sai ƙugin ya sauka, in aka kashe ya hau. Matatar da aka saita a lamba ɗaya ba za ta kama shi ba.

Uwar Shiri:
Ikon Allah. Shi ya sa ke nan ranar da na yi aiki da inji abin ya ƙi fita. Na gode Malam.

Baba Injiniya:
Haka ne. Kuma ga Ɗan Kurna EQ ba zai yi komai ba, tunda nasa ƙugin bayan kwamfuta yake shiga.

Ɗana, ga abin da za ka yi yau, ba sai ka jira mai gyara ba. Duk kayan da wayar sauti ta haɗa su, su sha wuta daga soket ɗaya, ta ekstenshan ɗaya mai kyau. Sifikun monita ƙanana ba su da cin wutar da kake tsoro, fankar sama ma tana iya fin su ci a irin ƙarar da ake aiki da ita. Sai ka sayi waya mai balans, jak mai zobe biyu, TRS, ko TRS zuwa XLR, mai fil uku irin na makirufo, in sifikun suna da wannan ramin. A irin wannan waya sauti yana tafiya a kan silli biyu, raga kuma aikinta kariya kawai. Duk dattin da ya hau sillin biyu daidai wa daida, sifika tana ɗebe ɗaya daga ɗaya sai ya ɓace.

Na Damagaram:
Gaisuwa ga Baba da sauran manya. Ina so in ƙara wani abu daga nan wajenmu. Soket ɗinmu irin na Faransa ne masu rami zagaye, kaya kuma da yawa daga Kano ake kawo mana su da fulogi mai ƙafa uku irin na Ingila. Sai a sa adafta, adaftar kuma mafi yawa ba ta wuce da ƙasa. Mutum bai karya komai ba amma ya karya bai sani ba. Alamar da nake gane shi da ita, in ka shafa bayan hannu a jikin kwamfuta ko miksa sai ka ji wani ɗan tsikari kamar ana jan gashi. Ni yanzu fulogin nake yankewa in sa irin namu mai ƙasa.

Tambayata ga Baba: ina da wata miksa da ko da waya mai balans ɗin sai ta yi ƙugi in na haɗa ta da amfilifaya. Me ke kawo wannan?

Baba Injiniya:
Wannan tsohuwar matsala ce, har suna gare ta, matsalar fil na 1. A XLR fil na 1 shi ne raga, na 2 da na 3 su ne sauti. Ƙa'ida ita ce fil na 1 ya manne da ƙarfen akwatin na'ura nan take a bakin ramin, don wutar da ta biyo raga ta bi jikin akwati ta wuce. Wasu masu ƙera kaya sai suka riƙa kai shi cikin allon na'urar, su haɗa shi da ƙasar sauti. Ka ga an buɗe wa datti ƙofa har ɗaka. Wani injiniya mai suna Neil Muncy ne ya fito da bayanin wannan a fili a 1995, a mujallar ƙungiyar injiniyoyin sauti ta AES, daga baya a 2005 ƙungiyar ta fitar da ƙa'idar AES48 a kansa. Har yau akwai kayan da ba su bi ba.

Mafita biyu ce. Ko ka sa tiransifomar raba sauti a tsakaninsu, 1:1, wadda sauti ke tsallakawa ta maganaɗisu ba tare da ƙarfe ya taɓa ƙarfe ba. Ko ka ware waya ɗaya mai balans, ka cire ragar daga fil na 1 a ƙarshen da ke shiga amfilifaya kawai, ka naɗa mata jan salatif don ka gane ta. Amma kada ka kuskura ka sa wannan wayar a makirufo, domin wutar bolt 48 da makirufo irin na kondensa ke sha ta fil na 1 take komawa. Maɓallin nan na ɗage ƙasa da kuke gani a jikin akwatin DI, ƙaramin akwatin da ake sa wa tsakanin kayan kiɗa da miksa, aikin da yake yi ke nan, ragar sauti yake rabawa, ba ya taɓa wayar ƙasa ta wuta. Sarkin Miksin, ka ga bambancin da nake nufi.

Sarkin Miksin:
Na gani Baba. Ni dai ban taɓa jin ko tsikari ba, amma maganar 'ya'yan mutane ta tsaya mini a rai. Akwai yara 'yan Islamiyya da suke zuwa ɗaukar waƙe a wurina, su shida suke kewaye makirufo ɗaya. Zan sayi sababbin wayoyin wuta gobe in sha Allahu. In ƙugin ya dawo kuma zan zo nan in dame ku.

Mai Wayarin:
Ka zo, ai don haka aka taru.

Ɗan Kurna:
Salamu alaikum, na dawo da rahoto. Jiya da daddare na mayar da sifikun kan ekstenshan ɗin kwamfuta. Ƙugin ya faɗi sosai, amma da na taɓa bayan kwamfutar sai na ji tsikarin nan da Na Damagaram ya faɗa. Na kwance ekstenshan ɗin da sukuddireba. Jama'a, silli biyu ne kawai a ciki, ruwan ƙasa da shuɗi. Ramin ƙafa ta uku ba a haɗa shi da komai ba, ko ɗigon dalma babu. Sabo ne fil, da kwalinsa na saye shi.

Mai Wayarin:
Sun cika kasuwa. Ka nemi mai silli uku, na ukun kore da rawaya. Kada ka yarda da rubutun kwali, ka sa mita tsakanin doguwar ƙafar fulogi da ramin sama na kowane soket, in ba ta yi ƙara ba ka ajiye musu kayansu. Ko ka sayi waya da soket na ƙarfe a haɗa maka, ya fi kwanciyar hankali.

Ɗan Kurna:
Haka na yi Oga, na sa an haɗa mini yau da safe, na kuma sayo TRS guda biyu. Ƙugi ya tafi ɗungurungum. Na ƙure sifikun, na zauna shiru a ɗakin kusan minti biyar ina saurare, ba abin da nake ji sai numfashina. Tsikarin ma babu. Allah ya saka muku da alheri. Mai gyaran wuta zai zo ranar Asabar ya haɗa sandunan.

Saura kukan sauro a fiyano. Shi yana nan.

Baba Injiniya:
Wayoyi nawa ne suka fito daga bayan fiyanon?

Ɗan Kurna:
Huɗu. Ta adaftar wuta, jak biyu zuwa sawunkad, da USB zuwa kwamfuta saboda MIDI, wato saƙon da ke gaya wa kwamfuta abin da na danna a fiyano.

Baba Injiniya:
Zare USB ɗin ka saurara.

Ɗan Kurna:
Ya ɗauke! Ina zarewa ya ɗauke. Na mayar ya dawo.

Baba Injiniya:
Zobe na biyu ke nan, ƙarami, a kan teburinka: daga kwamfuta ta USB zuwa fiyano, daga fiyano ta jak zuwa sawunkad, daga sawunkad ta tasa USB ɗin ya koma kwamfuta. Wannan ba wutar bango ke bin sa ba, dattin cikin kwamfutar ne, shi ya sa muryarsa take sama kuma take sauyawa in kwamfuta ta shiga aiki. Jak ɗin irin waɗannan fiyano kuma galibi ba mai balans ba ne, saboda haka TRS ba zai cece ka a nan ba.

Duba bayan fiyanon da bayan sawunkad, ko akwai ramin MIDI zagayayye mai fil 5. In akwai, yi amfani da shi ka bar USB. Waɗanda suka tsara MIDI a 1983 sun san wannan matsalar, sai suka sa a mashigarsa saƙo yake tsallakawa ta ɗan haske a cikin wani ƙanƙanin ɓangare, babu ƙarfen da ya haɗa na'urorin biyu. In babu ramin, sai ka bi da jak ɗin ta akwatin DI mai tiransifoma, mai layi biyu tunda sitiriyo kake ɗauka, ka danna maɓallin ɗage ƙasa.

Baƙon Jidda:
Akwai kuma ɗan abin raba USB da ake sayarwa. A kan fiyano yana aiki, don MIDI ba ya buƙatar gudu. Amma masu arhar 12 Mbps kawai suke ɗauka, sawunkad da yawa kuma 480 suke nema, in ka sa a can kwamfuta ba za ta ma gan shi ba. A wayar fiyano za ka sa, ba a ta sawunkad ba.

Ɗan Kurna:
Na leƙa da tocila. Fiyanon yana da ramuka biyu zagayayyu, IN da OUT, sawunkad ma haka. Akwai wata tsohuwar wayar MIDI a cikin kwalin da na zo da shi daga tsohon shago, ban taɓa sanin amfaninta ba. OUT na fiyano zuwa IN na sawunkad ko Baba?

Baba Injiniya:
Haka. In kuma kana so kwamfuta ta riƙa kaɗa sautin fiyanon, sai ka ƙara ta biyu daga OUT na sawunkad zuwa IN na fiyano. Ka shiga saitin manhajarka ka zaɓi MIDI na sawunkad, don sunan fiyanon zai ɓace daga jerin.

Ɗan Kurna:
Ya kama. Na sake ɗaukar kiɗan shekaranjiya daga farko, babu sauro. Na kira malam, ya ce zai dawo gobe bayan La'asar mu ƙarasa karatun.